Dawar Malam a Kan Cinyata

Don ni Malam ya yarda da tafiyar nan, ko don dawarsa? Da wannan tambayar na shiga takaba, da ita na fito, wanda zai ba ni amsa kuwa ya riga ya kwanta dama. In na tuna wani abu sai in ce lallai don ni ne. In na tuna wani kuma sai in ce a'a, 'yar dako kawai aka ɗauke ni.

Matan unguwarmu a nan Birnin Gwari sun hana ni sakat. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta ce, “Inna Hajara, wai da gaske kin hau dutse? Wai kin kwana a otal?” In na fara ba su labari, kuka ke cin ƙarfina tun ban kai Funtuwa ba. Shi ya sa na ce wa autata Rabi, wadda ke aikin jinya a Kaduna, ta zauna da takarda in faɗa ta rubuta. Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin salla. Rabi, ki rubuta yadda na faɗa, kada ki gyara mini. In na yi shiru ki jira ni.

Sai na fara da dawar, in ba haka ba ba za a gane komai ba. A gidan su Malam akwai wata dawa da muke kira 'yar-dutse. Ja ce, ƙwayarta ƙanana, ba ta son taki da yawa, ba ta son fadama. Kakarsa ce ta sauko da ita daga kan dutse lokacin da mutane suka bar zaman duwatsu, tun daga nan kuwa ba a taɓa tsallake damina ba a shuka ta a gonarmu ta wajen Kazage ba. Duk kaka Malam ke zaɓar zangarniyar da za a bari iri, ni kuma in rataye ta saman murhu, hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. Wannan ne aikinmu tare tun ina amarya.

Da mutanen daji suka hana mu zama, muka dawo cikin gari, abin da Malam ya fara ɗauka ke nan, kafin ma buhun tufafinsa. Damina uku muka yi ba mu shuka ba. Ya gwada a bayan ɗaki, awaki suka cinye. Iri kuwa rai gare shi, in ya daɗe bai ga ƙasa ba mutuwa yake yi. Kowace bazara Malam kan jiƙa tsumma ya naɗe 'yan ƙwayoyi ya ajiye gindin randa. Shekarar farko kusan duk suka tsira. Ta biyu rabi. A ta uku da ya buɗe tsumman, sai ya daɗe yana kallo, ya ce, “In ba ta shiga ƙasa bana ba, ta ƙare a hannuna.”

Ana nan sai Rabi ta zo da maganar hutun ƙaramar Salla. Ta ce mijinta ya samu hutu, yana so ya kai mu mu ga tsofaffin garuruwan kan dutse, mu sha iska, tunda zaman gida ya fara cin Babanta. Malam ya ce shi ba ɗan makaranta ba ne da za a kai shi yawon buɗe ido. Washegari ina shara ya ce, “Ta Gayam.” Haka yake kirana, don can aka haife ni. “Ke kin taɓa wuce Buruku?” Na ce ya fi ni sani. Sai ya ce, “To, a ce wa yaran nan mun yarda.” Na ji daɗi har na kasa ci gaba da sharar. Sai da muka zo fita ya ce in sauko da 'yar-dutse.

Mijin Rabi ya miƙa hannu zai sa ta a but ɗin mota. Malam ya ce ina, zafin but zai dafa ta. Sai na naɗe 'yan zangarniyoyin a zanen goyo na ɗora a cinyata, a nan kuma ta yi tafiyar.

Ta hanyar Funtuwa muka bi. A lokacin sai motoci sun taru an jira masu rakiya kafin a shiga daji. A motar nan bakin kowa na motsi da addu'a. Na ga ƙauyukan da na sani da hayaƙi da kukan jakai sun zama kufai, ciyawa ta fito ta cikin ɗakuna. Malam ya kafa ido a gilashi har muka wuce.

A wani shinge kusa da iyakar Katsina wani soja ya leƙo, baƙon Hausa ne daga jin bakinsa. Ya dubi cinyata ya sassauta murya.

“Mama, jariri ne? Allah ya raya.”

Malam ya ce, “Amin. Amma ya girmi babanka.”

Sojan ya ɗaga bakin zanen da ɗan yatsa, ya ga dawa, ya yi dariya har ya dafa motar. Ya ce uwarsa ma haka take lallaɓa irin doyarta a garinsu, ko shi bai isa ya taɓa ba. Ya ɗaga mana hannu. Da muka wuce Malam ya juyo yana dariya ya ce, “To, Ta Gayam, yau kin fita ƙasarku. Ki kama kanki, nan Katsinawa ne, kada ki ba mu kunya.” Wannan ce dariyarsa ta farko da na ji cikin watanni.

Akwai wata wahala da ban yi tunaninta ba kafin mu tashi, ita ce zama mota ɗaya da suruki. Yaya zan ci abinci yana kallona ta madubi? Yaya zan ce a tsaya in zaga? Sai na ƙi ci, na ƙi shan ruwa, Rabi na ta zungurina da gora ina ture hannunta. Ashe yaron nan ya lura. Daga nan duk bayan ɗan lokaci sai ya gangara gefen hanya ya ce, “Baba, injin ya ɗauki zafi, mu ɗan taka mu bar shi ya huce.” Su yi nisa shi da Malam, su juya mana baya. Motar nan lafiyarta ƙalau, Rabi ta gaya mini daga baya. Allah ya yi masa albarka. Rubuta, Rabi, ko da yake mijinki ne.

A Zariya muka kwana, a otal. Ɗakin sanyi kamar cikin randa. Malam ya ce a kashe abin sanyin nan, 'yar-dutse ba ta saba ba. Na shiga kewaye zan yi alwala, na murɗa wani ƙarfe, sai ruwa ya zubo mini daga sama, da ɗankwali da komai. Na yi salati da ƙarfi. Malam daga waje ya ce, “Lafiya?” Na ce ruwan sama ake yi a ciki. Ya ce, “To ki fito mu shuka.” Da aka kawo abinci kuma, shinkafa a faranti ɗaya da cokali biyu, na rasa inda zan sa kaina. Mu tun da muke ba mu taɓa ci tare ba, nasa a zaure, nawa a tsakar gida. Na jira ya gama, na ɗauki saura na juya na fuskanci bango.

Da safe aka kai mu Kufena. Dutse ne guda, baƙi, zaune kamar giwa ta durƙusa, ga ragowar ganuwar mutanen da a kewaye. Wai a nan aka fara zama kafin a koma inda birni yake yanzu. Mun tarar da 'yan makaranta mata sun zo kallo, wasu da wanduna, kowacce da waya a hannu. Suka ce sai sun ɗauke mu hoto. Ɗaya ta ce, “Kaka, ku matso kusa da juna mana, kamar kun yi faɗa.” Malam ya ce, “'Yar nan, tun ba a haifi uwarki ba muke kusa, ba mu dai saba yi a kasuwa ba ne.” Duk da haka ya matso, har hannun rigarsa ya taɓa mayafina. Hoton na nan a wayar Rabi. Ban iya kallonsa ba tukuna.

A gindin dutsen na gane abin da Malam yake nufi da tafiyar, ko dai rabin abin da yake nufi. Akwai wani magidanci yana sharar gona, da tankin feshi rataye a bishiya. Malam ya yi masa sannu, suka gaisa, ya ce mini in miƙo zangarniya ɗaya. Ya miƙa wa mutumin, ya tsaya yana kallon hannunsa. Mutumin ya riƙe ta ta wuya kamar kazar da za a kai kasuwa, ya kaɗa, ya ce, “Baba, buhu nawa take bayarwa? Akwai masu saye?” Malam ya karɓi abarsa a hankali ya ce, “Allah ya ba da damina mai albarka.” A mota Rabi ta ce, “Baba, ai da ka bar masa, ga gona ga dutse.” Ya ce, “Bai ko shinshina ta ba.”

Daga nan sai Turunku. Hanyar da aka ratse ta girgiza mu har haƙorana suka gaisa da juna. Gari ne ƙarami yanzu, amma suka ce a da nan ne gidan sarauta. Wani dattijo, Malam Jatau, shi ya zaga da mu. Ya nuna mana wani dutse da suka ce kujerar masu mulkin da ce, da inda aka yi rijiya, da inda ganuwa ta bi. Ni abin da ya tsayar da ni wasu ramuka ne a jikin falalen dutse, a jere, sumul kamar cikin akushi. Malam Jatau ya ce a nan mata suke niƙa a zamanin da. Na durƙusa na sa hannuwana a ɗaya, ya zauna daidai kamar an auna. Na ce a raina, baiwar Allah, tuwo nawa kika yi kafin dutse ya lotsa haka, wa ya ci, wa ya tuna sunanki?

Malam na tsaye a kaina. Ya ce, “Ke ma ai kin cinye dutse guda a gidana.” Dutsen niƙana yake nufi, wanda muka baro a Kazage, ya siranta har tsakiyarsa ta kusa hujewa. Ban san ya taɓa lura da shi ba. Na ja mayafi na rufe fuska don kada surukina ya gani.

Malam Jatau ya karɓi zangarniya da hannu biyu. Ya shinshina, ya ɓalli ƙwaya ɗaya ya sa a haƙori, ya rufe ido. “Ina ka samo wannan? Rabona da ita tun ina bin tsohona gona.” Na ga fuskar Malam ta washe. Suka zauna a inuwa suna ta maganar dawa kamar waɗanda suka tashi gida ɗaya. Amma da Malam ya ce ga ta nan ya ba shi, sai tsohon ya girgiza kai. Ya ɗaga hannayensa suna rawa. “Dube ni. 'Ya'yana duk suna Kaduna suna acaɓa, gonar ma haya na bayar, masara suke zubawa. In na karɓa na ci amanarka. Ka nemi mai sauran ƙarfi.” Ya mayar mini da ita a cinya da kansa. Muka kama hanyar Kaduna.

Masaukinmu na ƙarshe wani ƙauye ne a gindin duwatsun Kagoro, gidan uwar wata abokiyar aikin Rabi. Sunanta Saratu, kowa Mama yake ce mata, mijinta ya daɗe da rasuwa. Kiristoci ne. Na tafi da ɗar-ɗar a zuciyata, ba zan ɓoye ba, don ban taɓa kwana gidan da ba a salla ba. Sai na tarar ta sayi sabuwar tukunya saboda mu, ta kira wani maƙwabcinsu Bafulatani ya yanka mana kaza, ta share ɗaki ta shimfiɗa tabarma, ta nuna mana gabas tun ba mu tambaya ba. Doguwa ce, hannunta kaushi kamar na namiji. A can mata ke noma sosai, ba irin namu na tsintar wake ba. Mace ta saɓa fartanya ta hau dutse da goyo a bayanta. Kuma suna zama maza da mata a ci abinci wuri ɗaya ana hira, suruki na miƙa wa uwar matarsa gishiri. Tuwon acca ta yi mana. Laushinsa kamar ba a ci komai ba, Malam ya ce wannan in ka ci sai ka riƙe wandonka kada iska ta ɗauke ka. Mama Saratu ta ce, “Baba, ka ƙara, dutse za ka hau gobe.”

To, ga inda abin ya faru. Mun zo mata da tsaraba, daddawa da kuka da man shanu. Da aka sauke kaya, Malam ya ga hayaƙi na fita daga madafarta, ya ce 'yar-dutse ta kwana biyu ba ta sha hayaƙi ba, a kai ta can. Aka haɗa da tsarabar aka kai. Kowa ya ɗauka wani ya yi bayani. A al'adarsu kuwa, in baƙo ya zo da hatsi a hannu, girmamawar da za a yi masa ita ce a dafa masa abinsa da safe, ya ci daga nasa a gidanka.

Da gari ya waye na ji sussuka a bayan gida, ban kawo komai a raina ba. Hantsi ya ɗan ɗaga, muna zaune a tsakar gida, sai ga Mama Saratu da ƙwarya cike da kunu, ja, yana tururi. Ta durƙusa ta ajiye gaban Malam tana murmushi. Ya ɗebo da ludayi ya kai baki.

Na ga hannunsa ya tsaya. Ƙamshin ya iso ni, ni ma na gane. Wallahi 'yar-dutse ce.

Ya haɗiye. Ya dubi matar nan da ke jiran ya yaba, ya ce, “Madalla. Hannunki da albarka.” Ya sake ɗiba. Sannan ya juyo gare ni. “Ta Gayam, matso ki sha. Ba za ki sake samun irinsa ba.” Ya miƙo mini ludayin da ya sha da shi, a gaban surukinmu, a gaban kowa. Na karɓa. Muka yi ta miƙa wa juna har ƙwaryar ta ƙare, hawayena na ɗiga a ciki. Wannan ne cinmu na farko a ƙwarya ɗaya, ni da mutumin da na haifa wa 'ya'ya tara.

Da aka ɗauke ƙwaryar na zaga bayan gida. Ga turmi, ga ƙaiƙayi a zube, ga kaji sun taru suna tsattsaga. Na kore su, na durƙusa, na fara tsintar ƙwayoyin da suka fallatsa, ɗaya-ɗaya, cikin ƙasa da tsakuwa. Idona ba ya gani sosai, da yatsa nake lalube. Kajin na dawowa ina kora.

A haka Mama Saratu ta same ni. “Mama, me ya faɗi? Ɗan kunne?”

Rabi da ta biyo ta ita ta gaya mata. Matar nan ta ɗora hannu biyu a ka, ta zauna daɓas a ƙasa. “Wayyo ni! Iri na dafa? Iri? Ni da nake ɓoye irin acca a ƙarƙashin gadona?” Ta yi kuka kamar an yi mata mutuwa. Can sai ta share fuska da gefen zane, ta tashi ta kama kajin nan ta kife su da kwando, ta ɗauko faifai. Ta tattara ƙaiƙayin kaf ta sake sheƙewa a hankali. Ta kwantar da turmin ta ƙwaƙule tsagar gindinsa da tsinke. Ta bi zangarniyoyin da aka sussuke ɗaya bayan ɗaya tana murzawa a tafin hannu. Muka yi ta yi, ni da ita, gwiwa da gwiwa, har rana ta take. Abin da muka samu bai cika tafin hannuna ba.

Ban san Malam na tsaye a bakin danga yana kallonmu ba. Mama Saratu ta zuba ƙwayoyin a hannunta tana hurawa, ta kai hanci, ta ce, ba da kowa take ba, “Wannan ba ta ƙasan kwari ba ce. Tsakuwa take so.” Sai muka ji muryarsa.

“Kina da irin wurin?”

Ta ce tana da shi, a sama, kufan gidan iyayenta.

Rabi ta ce Baba ba zai iya hawa ba, saboda ciwon ƙirjinsa. Ya ce ba a ba da iri sai an ga ƙasa. Muka kama hanya da la'asar sakaliya, Mama Saratu a gaba kamar akuya, mijin Rabi a baya da gorar ruwa. Hanyar 'yar siririya ce tsakanin duwatsu. Ni tun da aka kai ni gidan Malam a bayansa nake tafiya, ko biki ko gona. Ranar nan ya ce, “Shiga gaba.” Ya ɗora hannunsa a kafaɗata. Ina jin nauyinsa, ina jin numfashinsa na fita da ƙyar a bayan kunnena. Mu taka kaɗan mu tsaya. A wani wuri ya ce, “Ashe gajeruwa ce ke haka.” Na ce shekarun nan duk bai auna ba sai yau? Ya ce da can ba shi da dalili.

Ba mu kai ƙololuwa ba, kufan a tsakiya yake. Ga da'irar duwatsu inda ɗakuna suka tsaya, ga duwatsun da ake ɗora rumbu, ga wata tsohuwar tukunya rabinta a ƙasa. Mama Saratu ta nuna inda aka binne cibiyarta. Ta ce kakanninta sun hau nan ne don gudun mahara, da aka samu lafiya aka sauka. Na ce mu kuma ga shi a tsufanmu muke gudu. Ta riƙe hannuna.

Sun jera duwatsu sun tare ƙasa, 'yan gonaki ƙanana kamar tabarmi, wani bisa wani. Malam ya durƙusa da ƙyar, ya ɗebi ƙasar, ya dunƙule, ya sake ta ta warwatse, ya shinshina. Ya daɗe. Sannan ya ce in kwance bakin mayafina inda na ƙulle ƙwayoyin.

Mama Saratu ta ja da baya. “Baba, ni da na ɓata? Ka ba wani.”

Ya ce, “Na ga yadda kika ɓata, na ga yadda kika tsince. Buɗe hannunki.”

Ta buɗe hannu biyu. Ya zuba, ya kakkaɓe mayafin don kada ko ɗaya ta maƙale. Ta buɗe baki za ta yi godiya ya ce a'a, a gidansu ba a godiyar iri. Abin da ake yi, in ta yi kyau, duk wanda ya roƙa a ba shi zangarniya, kada a tambayi garinsu ko addininsa. Ta ce, “Na ji, Baba. In na ci amanar nan Allah ya tambaye ni.”

A hanyar dawowa cinyata ba komai, na rasa inda zan sa hannuwana. Na ɗauka tunda an sauke abin da ya kawo shi, Malam zai ce a miƙe gida. Sai ga shi shi ke cewa a tsaya. A tsaya Ta Gayam ta ga jirgin ƙasa. A tsaya a saya mata rake. A kan gadar Kaduna ya sa aka rage gudu don in ga ruwa, ya ce, “Kalla da kyau, ki samu abin ba matan unguwa labari.” Kun ga abin da ya sa na kasa yanke hukunci.

Bayan mun dawo bai ƙara lafiya sosai ba. Ƙafafunsa suka kumbura, daga zaure ya koma ɗaki, daga zama ya koma kwanciya. Rabi ta zo ta kai shi asibiti, aka ba da magani, aka dawo da shi. Bai taɓa cewa hawan nan ne ya ja masa ba, ni ma ban ce ba. Kwana ne ya ƙare. Abin da yake tambaya kullum shi ne ko an yi ruwa a kudu.

Yanzu da nake maganar nan an aiko mini cewa 'yar-dutse ta fitar da kai, ta yi ja, Mama Saratu na kwana biyu ba ta sauko daga dutse ba saboda korar tsuntsaye. Ta ce in an yanka za ta kawo mini da ƙafarta. Ban san inda zan rataye ta ba, murhun gidan nan yanzu na gawayi ne. Zan nemi wuri.

Shi bai ga wannan ba. Abin da ya samu shi ne labarin tsiro. Ranar wata Laraba ce da rana, ana ruwa, ina zaune a bakin ƙofar ɗakinsa ina tsince shinkafa, sai wayar da Rabi ta bar mana ta yi ƙara. Mama Saratu ce, tana ihu don ruwa na dukan kwanonsu. Ta ce ta fito. Ba duka ba, amma ta fito, layi biyu da ɗan ƙari. Ta ce wasu ramukan sun yi cunkoso, wasu tsiron kuma sirara ne kamar ba za su yi ba, ko ta cire raunanan? Na kai masa wayar kunne, muryarsa ba ta fita yadda za ta ji. Ya yafito ni, na sunkuya.

Ya ce, “Ki ce mata kada ta cire ko ɗaya. Ta raba su ta dasa. Raunanan ma ta ba su wuri.”

Na faɗa mata. Na koma bakin ƙofa na ɗauki faifaina, ina kuka ina dariya, iska na kaɗo ruwa ta ƙofar ban ma ji ba. Na ɗauka barci ya ɗauke shi, don ya rufe ido, fuskarsa a sake. Can sai na ji ya yi magana a hankali. Daga ita bai sake ce mini komai ba, sai kalmar shahada da liman ya ji a bakinsa da la'asar.

Rabi, ajiye alƙalamin in kin rubuta wannan. Cewa ya yi:

“Ta Gayam, matso ciki. Ruwa na taɓa ki.”